Bawul ɗin da ke lungu: yadda ɗan ƙarfen da hannu ba ya isa gare shi ke cin rayuka a Niyok

A ranar 7 ga Disamba, 2016, a unguwar Hunts Point da ke yankin Bronx na birnin Niyok, wasu yara mata biyu, ya da ƙanwa, ɗaya mai shekara biyu ɗaya mai shekara guda, suka rasu a ɗakin kwanansu. Bawul ɗin na'urar ɗumama ɗakin ne ya ɓalle, tururi ya cika ɗakin ya ƙona su. Iyayensu na cikin marasa matsugunin da hukumar birnin ta kama wa haya a ginin wani ɗan kasuwa. Magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya kira lamarin tsautsayin da ba a saba gani ba. Bayan shekara bakwai da 'yan makonni, a watan Janairun 2024, wani jariri ɗan wata 11 ya rasu ta wannan hanyar a unguwar Midwood ta yankin Brooklyn.

Abin da ke ɓallewar bai fi dunƙulen hannu girma ba. Yana zaune ne a ƙasa, a kusurwar ɗaki, tsakanin bango da wani tulin ƙarfe, inda sai mutum ya durƙusa ya kwantar da kai kafin ya gan shi da kyau. Akwai irinsa bila adadin a birnin, kuma da yawansu an ɗaura su tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ana yawan tattauna rigimar gidajen haya ta Niyok da manyan alƙaluma, na kuɗin haya da na kasafi. Amma wani ɓangare na rigimar yana faruwa ne a wannan lungun, lokacin da ma'aikaci ya durƙusa da sifana a hannu, ko kuma, kamar yadda aka fi gani, lokacin da ba a turo shi ba sai bayan ɓarna ta auku.

Tukunya a ƙasa, lagireto a sama

Direbobi da makanikai sun san lagireto: a mota shi ke karɓar ruwan zafi daga inji ya watsar da zafin ga iska. Na ɗaki ma aikinsa ke nan, sai dai a nan zafin ake nema. Jerin ƙarfen zubi ne mai rami a ciki, wanda galibi ake girkewa a ƙarƙashin taga. A can ƙarƙashin ginin akwai babbar tukunya da ake hura wa wuta da iskar gas ko mai. Idan ruwa ya tafasa, tururi ya bi bututu ya hau bene-bene da ƙarfin kansa, babu injin da ke tura shi. Da ya shiga lagireto ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya bar zafinsa a jikin ƙarfen, ruwan kuma ya gangara ya koma tukunya.

Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi tana cika wurin da ya kai kimanin lita 1,700. Sannan zafin da ake buƙata kafin tafasasshen ruwa ya zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Duk wannan zafin tururi ke saki a daidai lokacin da ya koma ruwa, a jikin ƙarfe ne ko a jikin fata. Duk wadda ta taɓa gaggawar buɗe madambaci ta san ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi ciwo. A ƙaramin ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, bututun da ya buɗe baki zai ci gaba da amayar da tururi muddin tukunyar na ci, kuma jaririn da ke kan gado ba shi da hanyar gudu.

Abin mamaki shi ne ƙarfin matsin ba shi da yawa. Mai faci kan sa wa tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a gejinsa. Tsarin tururi na gida an tsara shi ne ya yi aiki a 2 ko ƙasa da haka a wannan ma'aunin. Dan Holohan, marubucin littafin The Lost Art of Steam Heating na 1992, wanda ma'aikatan wannan fanni ke ɗauka tamkar jagora, ya sha nanata cewa hatta dogon benen Empire State da ɗan matsi irin wannan ake ɗumama shi. Ke nan idan mahaɗi ya fashe, ba kasafai ƙarfin tururi kaɗai ke jawowa ba. Akwai tsatsa, akwai girgiza, akwai kuma aikin da aka yi a karkace.

A tsofaffin gidajen haya da yawa bututu ɗaya tak ke shiga kowane lagireto. Ta cikinsa tururi ke shiga, ta cikinsa kuma ruwa ke fita, kamar motoci biyu masu giftawa a siririn titi. Wannan ya haifar da ƙa'idoji biyu. Dole lagireton ya ɗan karkata zuwa ɓangaren bawul domin ruwa ya samu gangara. Dole kuma bawul ɗin ya kasance a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya. A ɗaya gefen lagireton akwai wata 'yar mafitar iska, wadda ke barin iskar da ke ciki ta fita domin tururi ya samu wuri, sannan ta rufe kanta da zarar zafi ya iso gare ta. Ita ce ke yin wannan tsakin da mazauna birnin suka saba ji da asuba. Wasu gine-ginen, musamman manya, suna da bututu biyu, na shiga daban na fita daban, amma matsalar lungu duk ɗaya ce.

Mai kallon finafinan Amurka zai tuna tururin da ke tasowa daga titunan Manhattan. Wannan wani tsari ne daban: bututun kamfanin Con Edison mai tsawon sama da mil 100 a ƙarƙashin ƙasa, wanda asalinsa ya faro a 1882, yana sayar wa manyan gine-gine tururi. Mafi yawan gidajen haya ba su da alaƙa da shi. Kowane gini da tukunyarsa, kowane gini kuma da mai shi.

Zafin da aka auna da taga a buɗe

Wani rahoto da ƙungiyar Urban Green Council ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na manyan gidajen zama na birnin da tururi ake ɗumama su. Yawancin waɗannan gine-gine an yi su ne a farkon ƙarni na 20, kuma a nan ne wani tarihi ya shigo. Annobar murar 1918 ta kashe dubban mutane a Niyok, ta kuma ƙarfafa wani ra'ayi da ya riga ya yaɗu a tsakanin jami'an lafiya, cewa gurɓatacciyar iskar rufaffen ɗaki ce ke yaɗa cuta. Aka riƙa kira ga jama'a su bar tagogi a buɗe ko da hunturu. A bayanin Holohan, injiniyoyin shekarun da suka biyo baya sun auna girman tukunya da lagireto ne ta yadda za su ɗumama ɗaki a ranar da ta fi kowace sanyi alhali taga na buɗe.

Yau tagogin a rufe suke, da yawa ma an sauya su da na zamani masu gilashi biyu. Lagireton kuwa yana nan da girmansa na da. Sakamakon haka, a gini ɗaya za a samu wanda ke hawa na biyu yana gumi a watan Janairu, na hawa na shida kuma yana rawar ɗari saboda tururi bai kai gare shi ba kafin tukunya ta tsaya. Na sama ya kai ƙara, mai kula da gini ya ƙara matsi ko ya tsawaita lokacin wuta, na ƙasa ya ƙara gasuwa.

To me mai gasuwa zai yi? Zai durƙusa ya murɗa bawul rabi, kamar yadda kowa ke rage famfo. Hankali ya yarda da haka, amma tsarin bai yarda ba. Ƙofar da aka rage tana barin tururi ya kutsa, ba ta barin ruwa ya fita. Ruwa ya taru a cikin lagireto, tururi ya zo da gudu ya kwashe shi ya maka da ƙarfe. Wannan ce ƙarar da ake ji cikin dare kamar ana dukan bututu da guduma, kuma kowane bugu yana sauka ne a kan mahaɗan bawul. Daga nan ɗiga ta fara. Ɗigar ta jiƙa katakon daɓe shekara da shekaru har ya ruɓe, ƙafar lagireto ta nutse, karkatar da aka yi masa da gangan ta sauya, nauyinsa ya koma yana jan mahaɗin. Wanda ya zo daga ƙasa mai zafi, kuma Bronx cike take da 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Gana da Nijar, babu wanda ke zaunar da shi ya faɗa masa wannan ƙa'idar ranar da aka miƙa masa makulli. Haifaffun birnin ma da yawa ba su san ta ba.

Abin da ke faruwa a lungun

Gyara mafi sauƙi shi ne idan ɗigar daga sama take, ta wurin sandar da ake murɗawa. A ƙarƙashin mariƙin akwai ƙaramin noti da ke danne wani zare mai jure zafi. A ɗan ƙara ɗaure notin, ko a kwance shi a naɗa sabon zare, shi ke nan. Aikin minti kaɗan ne idan hannu ya isa.

Sauya bawul ɗin ɗungurungum kuwa wani labari ne, kuma wahalar tana farawa tun kafin a taɓa sifana. Shi wannan bawul shi ne makullin ƙarshe, a ƙananan gine-gine babu wani a bayansa da za a rufe. Don haka sai an kashe tukunyar ginin baki ɗaya, an jira bututu ya huce. Gyaran ɗaki ɗaya ya zama sanyin gidaje ashirin ko hamsin.

Bawul ɗin yana da baki biyu. Na ƙasa yana ɗaure ne a kan bututun da ya ɓullo daga daɓe. Na gefe yana haɗuwa da lagireto ta hanyar wani guntun bututun tagulla, mu kira shi wuya, wanda aka murɗa cikin jikin lagireton, da kuma babban noti da ke jawo bakin wuyan ya manne da bakin bawul. Babu roba ko wosha a tsakaninsu. Ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe, an goge fuskokin biyu a masana'anta domin su dace da juna. Shi ya sa ake sayar da bawul tare da wuyansa, kuma sabon bawul ba ya cika zama daidai a kan tsohon wuya ko da notin ya kama. A tuna da wannan, domin a nan ne ake yawan yin ha'inci.

Ma'aikaci zai fara da kwance babban notin, sannan ya ja lagireton gefe. Babba daga cikinsu kan kai nauyin buhun siminti uku ko fiye, a gefensa ga bango, wani lokacin ga kabad ɗin da aka gina daga baya, ko akwatin katako da aka rufa masa don kare yara. Ya samu taƙi ɗaya ma ya gode.

Sai kwance bawul daga bututun ƙasa. A nan lungun ke nuna halinsa. Kafin bawul ya fita sai jikinsa duka ya juya sau da yawa, alhali bakinsa na gefe na cin karo da bango tun a zagayen farko. Sifanar da ke da ƙarfin motsa tiredin da ya shekara tamanin a cikin tsatsa da fenti tana da tsawon inci 18 ko 24, kuma hannunta na buƙatar filin lilo. A kusurwa abin da za ta samu bai fi 'yar tazara ba: a kama, a ja kaɗan, a saki, a sake kamawa. Dabarar zura bututu a hannun sifana don ƙara mata ƙarfi, wadda kowane makanike ya sani, ba ta da wurin yi a nan.

Kuma sifana ɗaya ba ta isa. Dole ta biyu ta riƙe bututun da ke fitowa daga daɓe, ta hana shi juyawa. Sau da yawa abin da ya leƙo sama da katako bai fi inci ɗaya ko biyu ba, da ƙyar haƙoran sifana ke samun abin cizo. Idan aka yi sakaci bututun ya bi bawul ya juya, to ya kwance ne daga gwiwar da ke ƙarƙashin daɓe, wato a cikin silin maƙwabcin ƙasa. Babu wanda zai ga wannan ɗigar sai ranar da silin ya yi tabo ko ya rufto. Idan kuma bututun ya karye a wurin tiredi, inda ƙarfen ya fi siranta, sai an fasa daɓe ko silin. Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi: wani bututun, da zarar an raba shi da bawul, sai ya zame ya faɗa cikin ramin daɓe, domin dama bawul ɗin ne ke riƙe da shi. Gogaggu kan ɗaure shi ko su maƙale shi tun kafin su kwance. Suna kuma jera hannayen sifanun biyu kusa da juna su matse su kamar almakashi, ta yadda ƙarfin zai ƙare a tsakaninsu maimakon ya bi bututu ya gangara.

Wani zai ce a gasa mahaɗin da wuta ya saki. Ana yi. Amma wutar tana tsakanin katakon da ya bushe shekara ɗari da bangon da fentinsa na ƙasa mai yiwuwa na dalma ne, tunda sai a 1960 birnin ya haramta irin wannan fenti a gidajen zama. Hayaƙinsa da ƙurarsa guba ne, musamman ga yara. Idan aikin ya kai ga fasa bango, tsohon lulluɓin bututu na asbestos na iya bayyana, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji. Saboda haka ma'aikata da yawa sun fi son zarto. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe laushi kuma ta fi araha, don haka ita ake sadaukarwa: a yanka jikin tsohon bawul a tsaye har dab da tiredin bututu, a sa cizal a tsagar a buɗa, ya saki.

Saura wuya, kuma shi ne mafi cin rai. A cikinsa akwai 'yan kunnuwa biyu da aka yi domin wata sifana ta musamman ta shiga ta kama. A sabon wuya suna aiki. A wanda ya tsufa, yawanci kunnuwan ne ke gutsurewa tun a jan farko, wuyan kuma ko gezau. Daga nan sai a zura tsinken zarton ƙarfe cikin ramin, a yi yanka biyu daga ciki, a hankali, ana tsayawa ana haskawa da tocila, domin zarton ya cinye tagulla ya tsaya kafin ya taɓa tiredin lagireto. Sai a fitar da ɗan yankin da ke tsakani da cizal, a lanƙwasa sauran zuwa ciki, a zare. Duk wannan a kwance a gefe ɗaya ake yinsa, kunci kusa da daɓe, hannu ɗaya a matse. In zarto ya zarce, tiredi ya lalace. In guduma ta yi yawa, ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma lagireton da ya tsage ya gama aiki.

Yanzu mai karatu zai gane jarabar da ke gaban wanda aka ba aikin gini guda a yini ɗaya, ga waya na ta ƙara saboda an kashe tukunya. Zai iya tsallake wannan matakin. Ya bar tsohon wuya, ya ɗaura sabon bawul, ya naɗa farin tef a tiredin noti, ya ɗaure da iya ƙarfinsa. Tef ɗin ba ya tsinana komai, domin ba a tiredin notin ake toshe tururi ba, a fuskokin nan biyu ne. Amma yau ba zai ɗiga ba, wataƙila ma har ƙarshen hunturu.

Ko wanda ya yi aikin yadda ya kamata bai tsira ba tukuna. Tiredin bututu tsukakke ne, yana ƙara matsewa ne da kowane zagaye, kuma dole bawul ya kai ƙarshen matsewarsa a daidai lokacin da bakinsa ke kallon lagireto. Idan ya matse yana kallon bango fa? Ko a mayar da shi baya ya zauna sako-sako, ko a nemi ƙarin zagaye guda da ƙarfin da zai iya fasa tagullar. Sannan sababbin bawul ba lallai tsayinsu ya zo ɗaya da na da ba. Idan bakin bawul ya sauka ƙasa da bakin wuya da rabin inci, gyaran gaskiya shi ne a ɗago bututu ko a ƙara masa tsawo har su daidaita da kansu. Gyaran gaggawa shi ne a tilasta musu haɗuwa da ƙarfin noti. Irin wannan mahaɗin yana zaune ne cikin ja dare da rana. A ƙara da cewa bututun ƙarfe mai tsawon mita 20 yana miƙewa da kusan santimita 2 idan ya tashi daga sanyin ɗaki zuwa zafin tururi, ya kuma koma idan ya huce, sau da yawa a yini, wata takwas a shekara. Notin tagulla da aka ɗaure a karkace yana jure wannan na wani lokaci, sannan ya tsage.

A ƙarshe a kunna tukunya, a jira, a kanga ɗan madubi a ƙarƙashin mahaɗin. Idan ya yi hazo, a sake kashewa.

Wa ke durƙusawa, wa ke biya

Niyok na da ƙwararrun masu haɗa bututun tururi. Ƙungiyarsu ta ƙwadago, reshe na 638, tana horar da ɗan koyo shekara biyar. Amma aikinsu ya fi yawa a manyan gine-gine da wuraren kwangila. A gidan haya mai hawa biyar ko shida a Bronx, wanda ke durƙusawa a lungun yawanci mai kula da ginin ne, mutumin da ke kwashe shara, ya share ƙanƙara, ya gyara makulli, ya kuma duba tukunya. Wasunsu sun ƙware matuƙa, wasu kuwa a bakin aiki suka fara ganin tururi. Shi kansa bawul ɗin kuɗinsa bai wuce wasu gomomin daloli ba. Awannin ƙwararre ne ke da tsada, kuma lungu shi ke mayar da aikin awa ɗaya ya zama na yini.

Dokar birnin a kan ɗumama gida tana da tsauri a takarda. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, idan sanyin waje ya sauka ƙasa da kimanin digiri 13 a ma'aunin Salsiyas da rana, dole ɗaki ya kai digiri 20. Da dare kuwa dole ya kai kimanin 17 ko yaya waje yake. Ɗan haya na kiran lambar 311 ya kai ƙara, kuma irin wannan ƙorafi yana haura dubu 100 a kowane hunturu. Sai dai abin da sufeto ke zuwa aunawa shi ne zafin iskar ɗaki. Ma'aunin zafi ba ya ganin notin da ya tsage. Ɗakin da bawul ɗinsa ke dab da ɓallewa zai iya cin wannan jarabawar da maki mai kyau. A 2006 ma kotun ƙoli ta jihar Niyok ta yanke hukunci, a shari'ar wani yaro da lagireto ya ƙona, cewa babu wajibci a kan mai gida ya sa wa lagireto murfi. Sai bayan rasuwar jaririn Midwood, da fafutukar da iyayensa suka shiga, aka gabatar da ƙuduri a majalisar birnin na tilasta duba lagireton tururi lokaci-lokaci a gidajen da ke da ƙananan yara.

Ɗaya fuskar matsalar ita ce sanyi. Wanda ɗakinsa bai ɗumama ba, ko wanda ya rufe bawul saboda tsoron ɗiga, zai nemi hitar lantarki ko ya bar murhu a kunne. A ranar 9 ga Janairu, 2022, wata hita ta tayar da gobara a benen Twin Parks da ke Bronx, hayaƙi ya kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara, mafi yawansu 'yan asalin Gambiya. Hatta gwamnati a matsayinta na mai gida ba ta fita ba: a hunturun 2017 zuwa 2018, mutum sama da dubu 320 da ke zaune a gidajen hukumar gidaje ta birnin, wato kusan kashi 80 cikin 100 na mazaunansu, sun fuskanci yankewar ɗumi ko ruwan zafi. A Janairun 2019 aka cimma yarjejeniyar da ta sa gwamnatin tarayya ta naɗa wa hukumar mai sa ido.

A nan siyasa ke shigowa. Kimanin gidaje miliyan ɗaya a birnin suna ƙarƙashin dokar ƙayyade ƙarin haya. A 2019 majalisar jihar ta taƙaita yadda masu gidaje ke ɗora kuɗin gyare-gyare a kan 'yan haya. Masu gidajen na cewa tun daga nan kuɗin gyara ya ƙafe, kuma alƙawarin daskarar da haya da Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin gari da shi a Nuwamban 2025 zai ƙara ƙafar da shi. Ƙungiyoyin 'yan haya na cewa gyaran bawul yana cikin abin da hayar wata-wata ta riga ta biya. Akwai ƙananan masu gidaje da lissafinsu ya matse da gaske, wannan ba ƙarya ba ne. Amma yaran Hunts Point sun rasu shekara biyu da rabi kafin dokar 2019, a gidan da baitulmalin birnin ke biyan kuɗinsa. Sakaci da lungun ya girmi dokar da ake ɗora wa laifi.

Tururi zai tafi, amma ba gobe ba

Gine-gine ne ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin da ke ɗumama duniya a birnin, kuma tukunyar da ke gasa ɗakin da aka buɗe wa taga tana da kaso a ciki. Doka ta 97 ta shekarar 2019 ta sa wa manyan gine-gine iyakar hayaƙi daga 2024, za ta ƙara tsanani a 2030, da tarar dala 268 a kan kowane tan da ya haura. Hukumar gidajen birnin ta fara gwada wata na'ura da ake ratayawa a taga, mai aiki kamar iyakwandishan da aka juya, tana jawo ɗumi daga waje zuwa ciki. An fara girka su a rukunin gidajen Woodside da ke Queens, da burin kaiwa guda dubu 30.

Dubu 30 kaɗan ne a birnin da ke da gidaje sama da miliyan uku. Sauya tsarin ɗumama tsohon gini na nufin sababbin wayoyin lantarki, da shiga kowane ɗaki, da kuɗin da yawancin masu ƙananan gine-gine ba su da shi. Shi ya sa masana da dama, ciki har da marubutan rahoton 2019, ke cewa kafin a kai can a gyara na hannu: a rage matsi, a sauya mafitar iska a manyan bututu domin tururi ya isa kowane hawa a lokaci ɗaya, a sa wa lagireto na'urar da ke daidaita zafi da kanta ta yadda ɗan haya ba zai ƙara taɓa bawul ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mutumin da ya san tururi, alhali waɗanda suka gina tsarin, waɗanda Holohan ke kira Matattun Maza, sun daɗe a ƙasa, kuma matashin da ke zaɓen sana'a a yau yana jin ana cewa tururi ya kusa ƙarewa.

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, kwana 122, tururi ba ya hawa bututu. A wannan tsakanin za a iya jan kowane lagireto, a yanka kowane tsohon wuya a natse, ba tare da an sa kowa cikin sanyi ba. A wannan tsakanin ne kuma babu bawul ɗin da ke ɗiga, don haka babu ɗan hayar da ke kiran 311 a kansa.